Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jahar Tawa Kan Binciken Wayoyin Matafiya a Bakin Iyaka



Zuwa ga Mai girma Gwamnan Jahar Tawa, shugaban majalisar tsaro ta jaha, uban talakawan da Allah ya damƙa amanarsu a hannunsa. Gaisuwa mai yawa da ban girma, tare da addu'ar Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya dafa maka bisa nauyin da aka ɗora maka a wannan zamani mai wuya, ya haɗa ka da mashawarta masu faɗa maka gaskiya ko da ba ta yi daɗin ji ba.

Bayan haka, ranka ya daɗe, ni ɗaya ne daga talakawanka na ƙasar Madawa, tsohon malamin makaranta wanda shekaru suka zaunar da shi gida, har ya zama wanda matafiya ke biyowa su gaishe shi in sun dawo, su kuma zube masa abin da ya dame su. Kuma da yake kukan da nake ji a bakin mutanen Madawa shi ne nake ji a bakin mutanen Buza da na Keita, sai na ga shiru ya tashi daga zama ladabi ya koma cin amana. Ba da jarida muka fara ba. An gaya wa masu gari, an gaya wa shugabannin tasha, an rubuta takarda an miƙa ta inda aka saba miƙawa, kowa kuwa ya tarbe mu da fara'a ya ce za a duba, har damina ta wuce, rani ya bi bayanta, ba mu ga abin da ya sake ba. Don haka na zaɓi in yi maka magana a bainar jama'a, ina mai kyautata zaton cewa da labarin ya iso kunnenka yadda yake, da ba a kai yau ba.

Maganar kuwa ita ce ta wayoyin salula, da yadda ake karɓe su daga hannun matafiya a bakin iyaka da shingayen da ke kusa da ita, a ce wa mai ita ya buɗe, a yi ta leƙa abin da ke ciki.

Ka fi ni sanin cewa waɗannan ƙasashe uku na matafiya ne tun kaka da kakanni. Albasar da ake nomawa a fadamun Tarka da na Magiya, da ta Tamaske, da ta maƙwabtanmu na Galmi, ba a nan ake cinye ta ba. Manyan motoci ke kwasarta zuwa Kwatano da Kumashi da Akara da Abijan, kowace mota kuwa da mai kaya ko yaronsa a kanta. Da an gama girbi, samari sai su ɗaura jaka su tafi bida, waɗansu Kurmi, waɗansu Kano da Legas, waɗansu su nufi arewa ta Agadas zuwa Libiya da Aljeriya, har ya zamana lokacin da aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita a 1984 da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO, mata ne suka fi yawa wajen jidar dutse da dashen itace, domin mazan suna can wajen nema. Iyakar da Faransawa da Ingilishi suka shata a farkon ƙarnin da ya wuce ta ratsa ta tsakiyar dangi ne, shi ya sa mutumin Bangi yake da gwaggo a Sabon Birni, mutumin Ƙonni yake cin kasuwar Ilela kamar ta ƙofar gidansa. Mutanen da rayuwarsu take haka, duk abin da aka mayar al'ada a bakin iyaka ya zama al'ada a cikin kwanakinsu.

Ba na jayayya da haƙƙin hukuma, kuma ina so wannan ya tabbata tun kafin in shiga kuka. Ma'aikacin duwan yana da ikon ya ce a sauke buhu, a kwance ƙunshi, a buɗe akwati; in ya tarar da kwali cike da sababbin wayoyi da aka saro daga kasuwar Farm Centre ta Kano, haja ce, ya ƙidaya ta ya karɓi abin da doka ta yanka, babu mai cewa uffan. Ɗan sanda yana da ikon neman katin ɗan ƙasa da takardar tafiya. Amma wayar da mutum yake rayuwa da ita a aljihunsa wani abu ne daban, domin jikinta ne kaɗai kaya, cikinta kuwa gida ne, da zaurensa da tsakar gidansa da ɗakin matarsa. Kuma a tarbiyyar da aka yi mana, ko sarki ne ya zo, a zaure yake tsayawa a yi masa iso, ba ya kutsa kai ɗaki don kawai ƙofa tana buɗuwa.

Kuka na farko, wanda ya fi sauran ciwo, shi ne na tonon asiri da keta hurumi. Yawancin mutanenmu ba su yi boko ba, saboda haka ba rubutu suke aikawa ba, murya suke ɗauka su tura ta WhatsApp. Wanda ya taɓa saƙon, muryar ce za ta tashi a ji ta a fili. Na gani da idona, a wani shinge da ba zan ambata ba, an tsayar da motar da muke ciki da rana tsaka, aka karɓi wayar wani magidanci mai furfura a gemu, aka ce ya ɗora yatsansa ta buɗe. Yaron da ya karɓa, wanda bai fi sa'ar ɗan cikinsa ba, ya jingina da mota yana ja da babban yatsa, sai ga muryar matar dattijon ta tashi tana gaya masa hatsi ya ƙare a rumbu, tana kuma ambaton wata larura ta jikinta irin wadda mace ba ta faɗa wa kowa sai mijinta. Duk motar aka sunkuyar da kai. Aka miƙo masa wayarsa ba tare da an tuhume shi da kome ba, aka ɗaga sanda muka wuce, shi kuwa bai ƙara ɗaga ido ya dubi kowa ba har ya sauka. Ranka ya daɗe, ba a ƙwace wa bawan Allah nan ko dala ba, amma abin da aka raba shi da shi a wannan wuri babu kasuwar da ake sayo shi.

Abin ya fi muni in matafiyar mace ce, domin a cikin wayarta akwai hotunanta da na ƴaƴanta mata a cikin gida ba lulluɓi, na suna da na biki da na kwanciya asibiti, waɗanda shari'a ta kira al'aura ta kuma haramta wa ajnabi kallonsu. Ga shi kuwa namiji ne ke dubawa, wani lokaci har ya kira abokin aikinsa su duba tare. Akwai matan da suka gaya mini cewa bayan kwana biyu da wucewarsu sai baƙuwar lamba ta fara kiransu da dare.

Addinin da muke bi, mu da mafi yawan masu tsaron nan, bai bar wannan babi a buɗe ba. Suratul Hujurati ta hana tajassusi, ta gwama shi da mugun zato da giba, Suratun Nuri kuma ta hana shiga gidan wani sai da izni da sallama. Malamai sun kawo ƙissar Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, wanda yana halifa ya haura katanga ya iske mutum cikin saɓo, mutumin ya tuna masa cewa shi laifi ɗaya ya yi, halifa kuwa ya yi bincike, ya shigo ba ta ƙofa ba, ya kuma shigo ba izni. Umar bai yi fushi ba, ya karɓi gyara ya fita. Imam Mawardi, da ya zo babin hisba a littafinsa na hukunce-hukuncen sarauta, ya yi togaciya guda, wato inda amintaccen mutum ya kawo labarin ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar a ce wani ya keɓe da wani zai kashe shi. A nan bincike ya halatta. Ka ga ashe fuƙaha'u ba su ɗaure hannun hukuma ba, sharaɗi suka gindaya mata, sharaɗin kuwa shi ne dalili ya riga bincike, ba a yi bincike don a nemo dalili ba. Muna zaune a ƙasar da Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu, yake kwance a cikinta, almajirin nasa kuwa a Kitabul Farƙi ya lissafa kamuwa, wato kama dabbar talaka a yi aikin sarki da ita ba da yardarsa ba, cikin alamun mulkin zalunci. Bai kamata irin wannan ilimi ya zama baƙo a nan ba.

Kuka na biyu na dukiya ne. Ɗan kasuwar yau ba ya ɗaura kuɗi a ƙugu kamar da, don tsoron ƴan fashi. Yana zuba su a kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Amana ko Al Izza, wayarsa kuma ita ce littafin bashinsa, a ciki yake da sunan manomin da ya ba kuɗin taki da dillalin da ke riƙe masa ciko a Abijan. In aka buɗe waya aka ga abin da ke cikin asusu, sai maganar ta sake launi, wanda da za a sallame shi da jika guda a ce sai goma, in ya yi gardama a jefa wayar a aljihun tebur a ce ya koma gefe ya jira. Direba yana hon, fasinjoji suna gunaguni, albasa tana dahuwa a rana, ga shi wayar da zai kira wani ya cece shi ita ce aka riƙe. Wane ne ba zai biya ba? Ba resi, ba rajista, ba sunan wanda ya karɓa. Ban ce duka ma'aikata haka suke ba, na san waɗanda ke kwana cikin sauro da sanyi a bakin aikinsu ba su taɓa cin haram ba, kuma su ne farkon waɗanda wannan ɗabi'a take ɓata wa suna.

Na uku shi ne wanda ya fi buƙatar a tsaya a yi masa kallon natsuwa, domin a nan ne hujjar masu binciken take da ƙarfi. Babu mai musun bala'in ƴan bindiga a kudancin Madawa. Mun ga dubban ƴan'uwanmu na ƙasar Sabon Birni sun tsallako zuwa Bangi a 2021 da abin da kansu ya iya ɗauka, mun san masu satar mutane da waya suke cinikin fansa, da waya masu tsegunta musu suke gaya musu gidan da aka sayar da sa, har ta kai hukumomin Najeriya sun katse layukan sadarwa a Zamfara da wani yanki na Sakkwato a watan Satumba na waccan shekara. Wanda ya ce jami'in tsaro kada ya taɓa waya ko da wane hali, bai san inda muke zaune ba. Amma ina roƙonka ka dubi wanda wannan taru yake kamawa. Ɗan ta'adda da mai yi masa aike sun san za a duba, saboda haka sukan tsallaka da ƙaramar waya wankakkiya, ko su bi ta daji a kan babur inda babu shinge. Wanda za a tarar da lambar ɗan bindiga a wayarsa, sau da yawa, shi ne wanda aka sace wa ƙane ko ɗiya, ya sayar da gona da bisashe, ya kwana arba'in yana amsa kiran azzalumai yana roƙonsu su rage. Sai ga shi a bakin shinge ana nuna masa lambar ana kiransa ɗan leƙen asirin ɓarayi, a haɗa masa zafi biyu. Haka kuma hotuna da bidiyon da ake turowa a gurup na gari ko na ƴan kasuwa, da kansu suke sauka cikin waya ko mai ita bai buɗe ba, ko ma bai iya karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashinsu ba. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka ƙara wa tsanani a watan Yuni na 2024 har ɗauri ya kai shekara 5 ga mai yaɗa abin da zai ta da hankalin jama'a, a kan yaɗawa take magana. Amma talaka bai san wannan bambanci ba, kuma ana amfani da rashin saninsa a tsorata shi. Sakamakon da nake gani shi ne mutane sun koyi share kome kafin su kama hanya, har da lambobi da saƙonnin da in da sun kai su ga hukuma da kansu da sun yi amfani, kuma wanda aka wulaƙanta a shinge da safe ba zai je da yamma ya ba da labarin baƙon da ya gani a bayan gari ba. Tsaron iyaka mai tsawo irin tamu kuwa, in babu bakin talakawa, ba ya yiwuwa.

Dokokin ƙasarmu ma ba su goyi bayan abin da ake yi ba. Tun 2017 Nijar take da dokar kare bayanan sirrin mutane, aka sabunta ta a 2022, aka kafa mata hukuma mai zaman kanta, HAPDP, a Yamai. Dokar 2020 ta sauraren sadarwa, wadda aka yi ta suka a kanta ana cewa ta ba gwamnati iko da yawa, ita kanta ta ɗora ba da izni a hannun shugaban ƙasa. To in sauraren kiran mutum guda yana buƙatar izni daga can ƙololuwa, da wane izni ƙaramin ma'aikaci yake karance saƙonnin shekara biyar a tsaye a gefen hanya?

Waɗansu ƙasashe sun riga mu cin karo da wannan mas'ala, kuma ko waɗanda suka fi kowa tsanani sun sa mata ƙa'ida. A Amurka, inda jami'an iyaka suke da iko mai faɗi, ƙa'idarsu ta 2018 ta ce a katse wayar daga intanet kafin a duba, ba a kwafe abin da ke ciki da na'ura sai da tuhuma mai tushe ko dalilin tsaron ƙasa tare da yardar babba, in an riƙe ta kuma a ba mai ita takarda. Kuma suna ƙidaya abin da suka yi su bayyana, har aka san cewa a shekarar kuɗi ta 2024 matafiya wajen 47,000 aka duba wa na'urori cikin kimanin miliyan 420. A Ingila babbar kotu ta yanke a 2022 cewa ƙwace wayoyin baƙin da suka tsallako teku gaba ɗaya ba tare da bambancewa ba haramun ne a doka. Kusa da mu, Sufeto Janar na ƴan sandan Najeriya ya ba da umarni a watan Oktoba na 2020 a daina binciken wayoyi da kwamfutocin mutane barkatai a kan hanya, bayan wannan ɗabi'a ta zama ɗaya daga abubuwan da suka harzuƙa matasan ƙasar. Ko ana bin umarnin ko ba a bi, aƙalla talaka yana da abin da zai nuna.

Akwai kuma kukan da ba a ƙarƙashin ikonka yake ba, amma ƴaƴanka ne ke yinsa. Tun yarjejeniyar da ta ƙulla da ƙasarmu a 2014 Aljeriya take maido da ƴan Nijar cikin ayarin motoci zuwa Asamaka, waɗansu baƙi kuma a zube su a hamada wajen kilomita 15 daga garin su ƙarasa da ƙafa. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya fiye da mutum 30,000 da aka koro a 2024, kuma ita da ƙungiyar likitoci ta MSF sun sha ruwaito cewa ana raba mutane da wayoyinsu da kuɗinsu kafin a sako su. Cikinsu akwai samarinmu na Adar. Yaro ya yi wata takwas yana ɗaukar siminti a Tamanraset, ya iso gida ba lambar mai gidan da ke riƙe da ladansa, ba hanyar da zai nemi haƙƙinsa har abada.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo. Na san duwan tana ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi, jandarma da ƴan sanda kowa da uwar gidansa a Yamai, amma a teburinka suke haɗuwa, kuma kalmarka tana da nauyi a wurinsu duka. Muna roƙon ka sa a fitar da umarni rubutacce wanda zai fayyace wane ne yake da ikon buɗe wayar matafiyi, da wane dalili, da iznin wane babba. A liƙa shi a kowane shinge da kowace tasha, a kuma karanta shi a gidajen rediyon karkara da Hausa da Tamajak da Fulatanci, domin wanda bai iya karatu ba ya ji da kunnensa. In dalili ya tabbata, a yi binciken a keɓe, a gaban mai wayar, a tsaya kan abin da ake nema, kada a taɓa asusun kuɗi, kada a saki muryar iyalin mutum a cikin taro. Wayar mace kuma mace ta duba, in babu ma'aikaciya a wurin a jira ko a kai ta inda take. Duk wayar da za ta kwana a hannun hukuma a ba mai ita resi mai ɗauke da lambar jikin wayar, da sunan wanda ya karɓa, da ranar da za a maido ta ko a miƙa ta ga alƙali.

Muna roƙon a ba da lamba guda ta kai ƙara wadda ake ɗauka in an kira, a kuma tabbatar wa mai ƙara cewa ba za a rama a kansa ba ranar da ya sake biyowa ta hanyar. Muna roƙon a gayyato hukumar HAPDP ta zo Madawa da Buza da Keita ta karantar da ma'aikata da shugabannin ƴan kasuwa da na direbobi a zaure ɗaya, kowa ya ji iyakarsa a gaban ɗan'uwansa. Muna roƙon a yi wa iyalan waɗanda aka sace wata hanya ta shaida, ko ta hannun mai gari ko ta hannun jandarma, don kada lambar da musiba ta sa a wayarsu ta zama hujja a kansu.

Abin da ya shafi ƙetare kuwa, muna roƙon ka ɗaga maganar in kun zauna da takwarorinka na Sakkwato, ko ta hanyar hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya wadda aka kafa tun 1971, domin ƙa'idar ta zama ɗaya a ɓangarorin biyu. Ka kuma isar wa magabata a Yamai, tare da takwaranka na Agadas, cewa duk ranar da za a sake zama da Aljeriya kan maido da mutanenmu, a sa maganar wayoyinsu da ladan aikinsu cikin abin da za a tattauna. In ka ga dama ka aiko wakili ya zauna da mu a Madawa ranar kasuwa, za mu tara masa masu albasa da direbobi da matan da abin ya shafa, su faɗa masa da bakinsu.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci, ya zaunar da jaharmu da ƙasarmu lafiya. Wassalamu.

Naka mai biyayya,
Wani tsohon malamin makaranta, daga ƙasar Madawa.